Wadda ta tsufa a tsakar gida, ina fanshonta?

In kaka ta yi, aka gama ɗaurin hatsi, magidanta na ƙasar Tasawa da ta Mayahi sukan zauna su yi lissafi. Dami kaza zai shiga rumbun gandu, kaza na zakka ne, kaza na biyan bashin da aka ci da bazara, kaza kuma za a kai kasuwa don haraji da kuɗin motar masu tafiya cin rani. Ma'aikacin hukuma shi ma yana da nasa lissafin a ƙarshen kowane wata, kuma a takardar albashinsa yana ganin abin da aka yanke aka ajiye masa don ranar da zai bar aiki. Akwai aiki guda da ba ya shiga ko ɗaya daga cikin lissafin nan biyu, shi ne na matar da ke tsakar gida. Ita ce ke tashi tun assalatu ta yi sussuka da surfe da daka, ta ɗebo ruwa ta nemo itace in ba a kulle take ba, ta kwana zaune in yaro ba shi da lafiya, ta yi goyo har wata ashirin ko fiye, kafin ta huta wani cikin ya shigo. In mai ƙidaya ya zo ya tambayi sana'arta, maigida ne ke amsawa daga zaure, ya ce ba ta aikin komi, zaman gida take yi.

Babu mai gardama kan darajar wannan zama. Addini ya girmama shi, al'ada ta girmama shi, kuma duk wanda ya zama wani abu a ƙasar nan daga bayan wata mace ya sauko. Abin tambaya shi ne ranar da ƙarfi ya ƙare. Soja yana da fansho, malamin lakkol yana da fansho, direban kamfani ma yana da shi in an yi masa rajista. Manomi ba shi da fansho, amma yana da gona da rumbu da sunansa. To, matar da ta ba gida ƙuruciyarta duka, me ke akwai da sunanta?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Mayahi da ta Tasawa kowace ta haura mutum rabin miliyan. Binciken lafiya da yawan jama'a na wannan shekarar ya samu cewa, a tsakaice, mace a jahar Maraɗi tana haihuwa fiye da sau 8 a tsawon rayuwarta, kuma kusan 9 cikin 10 na ƴan matan jahar an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Haihuwa ta ragu a ƙasa baki ɗaya tun daga lokacin, daga 7,6 zuwa 6,2 a binciken 2021, amma matan da aka ƙirga a 2012 su ne ke tsufa yanzu. Yarinyar da aka kai ɗaki tana da shekara 15, ta haifi takwas, tsakanin ciki da jego da goyo da yaye ta yi shekara 20 zuwa 25 ba ta kwance majanyi ba. Kafin autanta ya yi wayo, jikoki sun fara zuwa yaye wurinta. Ma'aikacin da ya yi yawan waɗannan shekaru a bakin aiki, ana tara masa jama'a a yi jawabi, a ba shi takardar yabo.

Asusun kula da jin daɗin ma'aikata, wato CNSS, an kafa shi a 1965, sashensa na fansho ya biyo baya a 1967. Ma'aikatan gwamnati kuwa nasu fanshon yana hannun CARENI, wadda ta gaji tsohon asusun ritaya. Dukansu bisa ƙa'ida ɗaya suke tafiya: wanda aka yanke wa daga albashi shi ke da haƙƙi, kuma gwargwadon shekarun zubi gwargwadon abin da zai karɓa. Matar gida ba ta da albashi, saboda haka ba ta da lamba, ba ta da littafi. Ƙofa ɗaya take da ita, in mijin ya rasu tana cikin igiyar aurensa. A dokar CNSS rabin fanshon mamaci ne ke zuwa ga matarsa, in kuma matan sun fi ɗaya sai su raba wannan rabin daidai wa daida. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke karɓar jika 60 a wata, ya rasu ya bar mata uku. Jika 30 ce tasu, kowace jika 10. Uwargidan da ta yi shekara 35 a gidan, da amaryar da ta yi shekara 6, rabonsu ɗaya ne. Wadda ta sake aure kuwa nata ya tsaya.

Wannan ɗin ma sai da takardar aure. Aure nawa aka ɗaura a ƙofar masallaci, aka raba goro, aka watse, ba wanda ya nufi ma'aikatar magajin gari ya sa a rubuta? Ana zaman lafiya ba a tuna takarda. Sai ranar da maigida ya faɗi, matar tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, a ce ta kawo shaidar cewa ita matarsa ce, alhali ga ƴaƴa tara a tsakar gida. Daga nan sai bin gidan shari'a da neman shaidu da kuɗin mota. Wadda aka saka kuwa, ko da saura wata ɗaya mijin ya yi ritaya, ko da ita ce ta wanke masa rigar da ya fara zuwa aiki da ita, ba ta da ko dala a cikin fanshon.

Duk wannan zancen ƴan albashi ne, su kuwa ƙalilan ne a Tasawa da Mayahi. Mafi yawan mata a Korgom suke, da Urafan, da Maijirgi, da Kanan Bakashe, da Isawan, da ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba, inda ba a taɓa ganin takardar albashi ba. Su ma a da suna da nasu tanadin tsufa, sunansa gamana. Gandu na gida ne duka, maigida ke riƙe da shi. Gamana kuwa ƴar gona ce da yake yanka wa kowace mata, ta yi aikin gandu a ranakun gandu, sauran lokacin ta noma tata. Abin da ta samu na hatsi da wake da gujiya da riɗi da yakuwa nata ne, ba mai taɓa mata. Da shi take sayen jar akuya, akuya ta haihu ta zama tunkiya, in Allah ya sa albarka tunkiya ta zama saniya. Da shi take biki, take haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki. Tsohuwar da ke da awaki goma a turke ba ta roƙon kowa kuɗin sabulu.

Amma gamana aro ce, ba mallaka ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ran da aure ya mutu, gona ta koma wurin mai ita, da takin da aka zuba mata da itatuwan da aka rena a ciki. Sa'an nan ga jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, dajin da ake sassabe ya ƙare. Masu bincike biyu, Marthe Diarra da Marie Monimart, sun wallafa a 2004 da 2006 abin da suka gani a kudancin ƙasar nan, a garuruwa irin su Jiratawa kusa da Maraɗi da Sarkin Hausa cikin gundumar Mayahi. Sun nuna cewa inda ƙasa ta yi ƙaranci, mata ne ake fara fitarwa daga noma, amare kafin uwayen gida, kuma sau da yawa da sunan kulle ake yin haka. Har suna aka laƙaba wa abin, kullen gona. Kulle na gaskiya yana da sharaɗi mai nauyi bisa namiji: ci da sha da tufafi da ruwa da itace, duka a wuyansa. Wanda ya hana mace gona amma ya bar ta tana jan wasaki a rijiya, tana yawon kara a daji, ba kulle ya yi ba, gona ya karɓe. Kuma yarinyar da ta yi shekara 15 ba ta riƙe hauya ba, in ta wayi gari bazawara, ko an ba ta gonar ba ta san inda za ta kama ba.

Mai karatu da ya tashi a ƙauye ya san abin da ke faruwa da rani. A gidaje da yawa rumbun gandu liƙe shi ake yi bayan kaka, ba a buɗewa sai damina ta faɗi, don masu noma su sami abin ci. Maza su tafi cin rani. A watannin nan daga rumbun mace ake ciyar da yara. Inda ba gamana kuwa ba rumbun mace. A yunwar 2005, lokacin da wuraren jinyar yara masu tamowa suka cika a jahar Maraɗi, an yi ta ba da labarin gidajen da maigida ya tafi ya bar rumbu a rufe, uwa na dafa ganye. Wanda ya ce cire mace daga nema bai taɓa tukunyar gida ba, bai zauna a ƙauye cikin watan Afrilu ba.

Matar da ke cikin gida ba ta naɗe hannu. Tana matsar man gujiya, tana ƙuli-ƙuli, tana dama fura, tana toya ƙosai, tana saƙar tabarmar kaba. Sai dai ba ta zuwa kasuwa, kasuwa ce ake kai mata bisa kan ɗiyarta. Yarinya ƴar shekara tara da tiren talla ita ce ƙafar uwarta, kuma ranar da ta zauna a aji ranar ba ciniki. Gwamnati ta yi doka a watan Disamba na 2017 don kare karatun ɗiya mace, amma doka ba ta sayar da fura. Muddin jarin uwa ya rataya bisa ƙafar yarinya, malamin lakkol zai ci gaba da kiran suna ba mai amsawa, yarinyar kuma za ta girma ta shiga ɗakin da uwarta ta shiga, hannu wofi.

Wadda ta yi karatu har ta kama aiki, nata rashin ya fi fitowa fili, don ana iya ƙirga shi. Dokar aiki ta 2012 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, da sa'a ɗaya a rana don shayarwa. Bayan nan wa zai riƙe jariri? Gidajen reno ba su wadata ba. Ko dai a ɗauko wata ƴar ƙauye ta yi reno, ita kuma ta rasa makaranta, ko kuma maigida ya ce albashin bai taka kara ya karya ba, ta ajiye aikin har yara su girma. Shekara goma ba ta da wuyar wucewa. In ta tashi komawa sai ta tarar abu uku sun tafi tare. Albashin shekara goma ya tafi. Zubin fansho na shekara goma ya tafi, shi kuwa ba a rama shi kamar azumi. Gurbin ma ya tafi, don jarrabawar shiga aikin gwamnati tana da iyakar shekaru, kuma aiki ba ya jiran mai shi. Sakatariyar da ta bar injin buga takarda ta dawo ta tarar da kwamfuta. Ungozoma ko malamar makaranta da ta zauna gida, ba ita kaɗai ta yi hasara ba, har da ƙasar da ta kashe kuɗi ta horar da ita, da ƙauyen da mata ke ƙin zuwa awo saboda namiji ne a ɗakin.

Maigida yakan ce zamanta a gida bai rage shi da komi ba. Gaskiya ne, ƙara shi ya yi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata tun daga Janairu 2024. Da za a biya mai girki da reno da wanki da jinya wannan mafi ƙarancin kawai, mutum ɗaya a maimakon huɗu, jika 504 ke nan a shekara, a shekara 25 kuma miliyan 12 da jika 600. Wannan kuɗin bai fita daga aljihun maigida ba. Yana cikin gidan da ya gina, da gonar da ya saya, da amalanken shanu, wani lokaci ma da sadakin amarya.

Akwai amsa da dattawa ke bayarwa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ciyar da mace wajibin mijinta ne, in ta tsufa kuma wajibin ƴaƴanta ne, ƴaƴa su ne fanshon talaka. Haka abin yake lokacin da ɗa ke noma gandun ubansa, uwa na zaune a ɗakinta ana kai mata ƙwarya. Yau gonar da uba ɗaya ya noma an raba ta gida bakwai. Samarin Tasawa da Mayahi suna Kano da Legas, suna Agadas da Libiya, wasu sun bi zinariyar Jado tun da ta ɓulla a 2014. Wani ya aiko, wani shekara uku ba labari. Wanda ya zauna yana da mata biyu da ƴaƴa goma da eka ɗaya. Ba rashin imani ba ne, rashin abin hannu ne. Sa'an nan ina wadda ta haifi mata zalla, kowace tana ƙarƙashin wani? Ina wadda ba ta haihu ba, amma ta reni ƴaƴan kishiya da na ƙanen miji? Gado ma, in an raba shi bisa shari'a, tumuni ne rabon matan mamaci in akwai ƴaƴa. Gona mai eka 2, rubu'in eka ke nan, mata biyu su raba. Sau da yawa ko wannan ba a fitarwa, sai a ce ƙasa ba a raba ta, ta ci a hannun ɗanta.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta bayyana a 2024 cewa mata miliyan 708 ne a duniya ba sa cikin masu aiki ko neman aiki saboda kula da iyali, maza kuwa miliyan 40. Wasu ƙasashe sun daɗe da shigar da reno cikin lissafin fansho. Faransa tun 1972 ake zuba wa uwar da ke gida, in mai ƙaramin ƙarfi ce, kuɗin fansho kamar tana aiki, daga baya aka haɗa da uba in shi ne ya zauna. Jamus ta fara ƙirga shekarun reno a 1986, kuma ɗan da aka haifa daga 1992 ana rubuta wa mai renonsa shekara 3. Baitulmalin Nijar ba zai ɗauki irin wannan ga kowace mace ba a yau, faɗin haka ba laifi ba ne. Amma ga ma'aikaciyar da ta riga ta sami lamba a CNSS ko CARENI, ƙirga mata wasu watanni kan kowace haihuwa abu ne da masu tsara doka za su iya aunawa.

Wanda kuma zai ce wannan tunanin Nasara ne, sai ya duba cikin littattafan Malikiyya. A ƙarni na 16 wani malami na duwatsun arewacin Maroko, Ibn Ardun, ya ba da fatawa cewa matan ƙauye da ke girbi da sussuka tare da maza suna da rabo a cikin abin da aka samu, rabon wahalarsu, dabam da gado. Ba dukan malamai suka bi shi ba, amma fatawar ta rayu, har a 2022 Shehun Azhar, Ahmad al-Ɗayyib, ya yi kira a farfaɗo da ita don kare haƙƙin matar da ta taimaka wajen haɓaka dukiyar mijinta. Malaman Tasawa da na Mayahi, waɗanda ake kira ranar rabon gado, sun fi kowa cancantar su zauna bisa wannan mas'ala.

Mata dai ba su jira ba. Asusun Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi ya fara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Zubin mako-mako, rance mai ɗan riba, akwati mai kwaɗo, kuma wadda ta yi yaƙi da jahilci ita ke riƙe littafi. Shirin tallafin gwamnati da ya fara a 2011, wanda ya riƙa ba gidaje matalauta jika 10 a wata har shekara biyu, shi ma a hannun mace aka danƙa kuɗin, don an san inda za su shiga. Sai dai asusu fasa shi ake yi a raba in lokaci ya cika, tallafi kuma yana da ranar ƙarewa. Akuyar da aka saya da su, ita ce ake fara kai wa kasuwa in yaro ya kwanta, ko in maigida na neman kuɗin mota. Bashin da miji ya ci wurin matarsa kuwa, kowa ya san yadda ake biyansa.

Abin da ya fi akuya daɗewa ita ce ƙasa, kuma hanyarta a buɗe take. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce ƴan ƙasa duka suna da damar samun filin noma, ba bambanci tsakanin namiji da mace. Kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, suna nan a gunduma da ƙaramar hukuma har da ƙauyuka da yawa, suna rubuta takardar saye da ta jingina da ta aro da ta kyauta. Magidancin da ya yarda cewa matarsa ta yi masa aiki, yana iya mayar da gamanarta kyauta, a gaban maigari da shaidu, a sa hannu a buga hatimi. Ma'aikaci kuma yana iya fara da takardar aure, ya bi da fili ko ɗaki da sunanta.

Da yawa in matar ta tayar da zancen sai su yi dariya su ce: “Haba uwargida, nawa ai naki ne. Bayan raina ma gonar bakin fadama taki ce, yara sun sani.” Ita kuma ta ce: “Allah ya ja kwana, Malam,” ta yi shiru, don ba a ja da maigida kan zancen mutuwa. Wannan alkawari ba ya tsayawa a gaban shari'a. Matar aure magajiya ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Kyauta kuwa a Malikiyya ba ta cika sai wadda aka ba ta karɓa ta riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In ya kwanta ciwon ajali kafin haka, gonar ta koma cikin gado, a fitar da tumuni a raba da kishiyoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin rubutun shi ne tsakanin ɗaurin hatsi da tashin motocin cin rani, sa'ad da maigari yana gari, maƙwabtan gona suna nan, kuma ƴaƴan da za su yi gardama gobe suna tsaye a bakin iyaka suna gani.